Ɗalibin da ya kwaikwayi gara, zai iya yi wa magini bayani?

Wani yayi ya shigo makarantun koyon zanen gine-gine a 'yan shekarun nan, wato zana gini ta hanyar kwaikwayon halittu. Wannan ɗalibi ya ce ɗakin karatun da ya zana daga ganyen kuka ya samo shi, wancan ya ce asibitinsa daga saƙar zuma, wata kuma ta ce kasuwarta daga surin gara. Ina maraba da yayin. A gari irin Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, duk wanda ya koma yana tambayar yadda halittun Allah ke tsira daga rana ya kama hanya. Damuwata biyu ce: inda yawancin zanen ke tsayawa, da mutanen da ake gabatar da shi a gabansu.

Abin da na fi gani shi ne kwaikwayon siffa. Rufi ya lanƙwasa ya yi kamannin ganye, bango ya sha gilashi daga sama har ƙasa, kwamfuta ta fitar da hoto mai ƙyalli, ga ciyawa shar, ga Turawa na yawo a farfajiya. In ka tambayi mai zanen ta ina iska za ta shiga, ta ina zafi zai fita, sai ya nuna maka inda za a liƙa na'urar sanyaya ɗaki. Mu da ke kwana a tsakar gida a Unguwar Rogo duk bazara, saboda bulo da kwano sun riƙe zafin yini har tsakar dare kuma wuta ba ta da tabbas, irin wannan zane ba ya ƙara mu da komai.

Misalin da ɗalibai suka fi ambata shi ne ginin Eastgate da ke Harare a ƙasar Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana, aka buɗe a 1996. Kowa ya haddace cewa daga surin gara aka ɗauko dabararsa. Kaɗan ne ke iya faɗin yadda yake aiki. Da dare fankoki ke zuƙo iska mai sanyi su bi da ita ta kafofin da ke cikin daɓen kankare, kankaren ya sha sanyin ya ajiye. Da rana iskar da ta ɗumama ta tashi sama ta fice ta dogayen bututai da ke kan rufi. Dabarar ta yi aiki ne domin Harare na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, dare na yin sanyi sosai. Daren Afrilu a Sakkwato fa? Ɗalibin da ya kwafo Eastgate bai tambayi kansa wannan ba, bai gama aikinsa ba. Har ma shi kansa surin, masu bincike irin su Scott Turner da Rupert Soar sun bayyana a 2008 cewa aikinsa ya fi kama da na huhu, wato musayar iska don garar ta yi numfashi, fiye da sanyaya wuri. Ke nan maganar tana da zurfi, ba ta hadda ba ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun bar namu a gida. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da lura da halitta, ko da yake ba su ba abin wani suna ba. Sun gane gara ba ta cika cin giginya ba, shi ya sa suka zaɓi azararta don rufin soro da ɗaurin bakan gizo. Sun jiƙa ɓawon ɗorawa sun sami makuba, sun haɗa katsin marina da gashin majema da dafara sun sami laso, duk don ruwa ya zame daga jikin gini ya bi indararo. Bangon tubali mai kauri yana jinkirta zafi, sai rana ta faɗi kafin ya ratso ciki, 'yar taga kuma can sama take, inda iska mai ɗumi ke taruwa. Da wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da shi kuma Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, nan ƙetaren Birnin Ƙonni, ginin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

Ban ce a koma ginin laka yadda kakanni suka bar shi ba. Yana son yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci ya zube a kan mutane, kuma kowa ya san a yau mai neman aure da ya nuna ɗakin ƙasa kallon talaka za a yi masa. Waɗannan uzurori na gaskiya ne, kuma su ne ainihin tambayoyin da ya kamata ɗalibi ya iya amsawa da bakinsa.

Nan ne maganar gabatarwa ta shigo. Tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗalibin zanen gini yana da ranar da suke kira juri: ya liƙa takardunsa a bango, ya ajiye samfurin kwali a tebur, ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Tsari ne mai kyau, yana cire wa yaro tsoron idon jama'a. Sai dai duka da Turanci ake yi, kuma masu sauraro sun riga sun san kalmomin, saboda haka ana iya ɓoye rashin fahimta a bayan manyan kalmomi a wuce da maki. Ranar da ya fito aiki kuwa, wanda zai tsaya gabansa Alhaji ne mai kuɗin ginin, da magini wanda ya shekara talatin yana ɗora bulo, da uwargida wadda ita ce za ta yini a ɗakin. Alhaji zai ce, "Ɗana, buhun siminti nawa zai ci?" Magini zai ce, "Yallaɓai, wannan tazarar da ka bari tsakanin kwano da silin, in guguwar farkon damina ta zo fa?" Uwargida za ta tambayi ta ina hayaƙin madafa zai bi, kuma tagar nan ba za ta sa na waje ya hango tsakar gida ba? Na sha ganin matasa masu basira sun yi shiru a irin wannan wuri, aka koma aka yi ginin yadda aka saba.

Francis Kéré, ɗan Burkina Faso wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya fuskanci wannan a ƙauyensu Gando. Da ya ce da ƙasa za a gina makarantar firamare, mutanensa ba su ji daɗi ba, suna ganin wanda ya yi karatu a Jamus siminti ya kamata ya kawo. Ya zauna da su ya yi ta bayani. A ayyukansa yakan fara ɗaura ɗan samfuri, shi da ma'aikatansa su hau kai a gaban kowa, gani ya kori ji. An gama makarantar a 2001, da rufin kwano da aka ɗaga sama da silin na bulon ƙasa don iska ta riƙa ratsawa tsakani, ta kuma ci kyautar Aga Khan a 2004. Da bai iya shawo kan dattawan Gando ba, da zanen ya tsaya a takarda.

Don haka roƙona ga malamai shi ne a fitar da juri ɗaya a shekara daga cikin makaranta. A nemi izinin mai unguwa, a shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro a nan Unguwar Rogo, a gayyato magina da kafintoci da masu gidaje, a kuma ware zama a cikin gida inda ɗalibai mata za su gabatar wa matan aure. A ba kowane ɗalibi ɗaki guda na gaske, mai kallon yamma, wanda ba ya shiguwa da la'asar, a ce ya rage masa zafi da kuɗin da mai shi zai iya biya. Ya zo da ma'aunin zafi na hannu da 'yan samfura biyu, ɗaya da rufinsa, ɗaya da rufin da aka saba, a ajiye su a rana kowa ya sa hannu ya ji. Bayani da Hausa zalla, kuma wani kaso na makin ya fito daga bakin maginan.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a sa muku wannan a manhaja. Hutun nan mai zuwa, ɗauki zanenka ka je wurin maginin unguwarku, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ga abin da na zana, ina ne zai ba da matsala?" Ka saurara har ya gama, sannan ka koma ka gyara.