Masu Auna Lilon Rawanin Rana

Wanda ya ga kusufin 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Najeriya ya shiga Nijar, ya san farin hasken da ke kewaye rana idan wata ya rufe ta ruf. Masana na kiransa korona, rawanin rana. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, kuma cike yake da bakunan iska mai wuta da maganaɗisu ya lanƙwasa. Bakunan nan suna lilo. Tauraron ɗan'adam TRACE ya kama su a 14 ga Yuli 1998, suna kai da komo cikin kusan minti biyar.

Ga yadda gwani ke aunawa. Ya ɗebo hotunan tauraron SDO na Amurka, wanda tun 2010 na'urarsa AIA ke ɗaukar hoto duk daƙiƙa 12. Ya zaɓi baka guda, ya ja siririn layi ya gitta shi. Daga kowane hoto ya yanko wannan siririn kaɗai, ya jera yankakkun gefe da gefe bisa lokaci. Sai motsin ya fito a zane, yana hawa yana sauka. Ya bi tsakiyar hasken ɗigo-ɗigo, alhali ɗigo guda ya kai kilomita 435 a jikin rana, wani lilon ma bai cika ɗigo ba.

Amma kafin ya furta adadin daƙiƙun lilon, sai ya tambayi tazarar hotunansa. Nan ne aikin ya fi burge ni. Dubi karan rake yana kaɗawa a fadama: in duk ɗaga kanka ya dace da dawowarsa wuri ɗaya, za ka rantse bai motsa ba. Ƙa'idar Nyquist ta ce kowane zagaye na bukatar hoto biyu aƙalla, don haka AIA ba ta iya shaidar lilon da ya gaza daƙiƙa 24. Kuma gajeren ba ya ɓacewa, shiga burtu yake yi: na daƙiƙa 20 sai ya bayyana a matsayin na 30.

Mai gaggawa zai rubuta 30 ya tashi. Gwani kuwa zai nemo hotunan kumbon Solar Orbiter, da aka harba a 2020, masu tazarar 'yan daƙiƙu, ya riƙa zare wasu da gangan yana sake aunawa, ya ga inda amsar ta fara karkacewa. Da wannan adadin ake lissafa ƙarfin maganaɗisun korona, kuskurensa kuma har can yake bin lissafin.