Tafiyar Kaka Daga Kutemeshi: Sharhi Kan Littafin da Bai Fito Ba Tukuna

Al'adar wannan fili ita ce mu ɗauki littafin da ya riga ya shiga kasuwa mu yi masa fiɗa. A wannan fitowa za mu saɓa wa al'adar, domin abin da ke gabanmu rubutun hannu ne, littattafan makaranta guda uku cike taf, waɗanda wani ɗan'uwa daga Kutemeshi ta gabashin Birnin Gwari ya aiko wa ƙungiya a duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Ya amince mu yi sharhin a bainar jama'a, da sharaɗin kada mu ambaci sunansa ko sunan littafin. Mun karɓi sharaɗin, kuma mai karatu zai ga dalilinsa a gaba.

Labarin tafiya ne, ba ƙagagge ba, in ji marubucin a gabatarwarsa. A kakar 2021, bayan an kawar da masara, shi da maiɗakinsa suka ɗauki wata tsohuwar a-kori-kura, kafinta ya kafa mata rumfar katako a baya aka lulluɓe da tamfol, suka shimfiɗa katifa, suka ɗora kurfoti da tukunya da buta da jarkar ruwa, suka kama hanyar zumunci. Daga gida sai Funtuwa, sai Malumfashi, suka bi ta Gwarzo suka shiga Kano, suka juyo ta Zariya da Kaduna. Kwana arba'in da ɗaya suka yi, kuma fiye da rabin kwanakin a cikin motar suka kwana, wani lokaci a gefen tasha, wani lokaci a ƙofar gidan ɗan'uwan da ɗakinsa bai ishi iyalinsa ba balle baƙi.

Bari mu fara da yabo, don akwai abin yabo. Wannan ɗan'uwa ya san mota, ya kuma san kaka. Shafuffukan da ya yi kan yadda lagireto ya yi ta tafasa tsakanin Bakori da Malumfashi, har ruwan shansu ya ƙare a cikin injin, da yadda mai faci ya tsaya yana ciniki da shi rana na faɗuwa, sun fi mana shafi ɗari na irin bayanin da muka saba gani a littattafan matasanmu, inda mota ba ta da wani aiki sai ta zama ƙirar kaza mai launin kaza ta tsaya ƙofar gidan budurwa. Motar wannan littafi tauraruwa ce mai hali nata, tana fushi, tana tari da asuba, sai an tura ta kafin ta yarda. Haka nan ya iya kallon gona. Yana lura da inda dawa ta yi nauyi har kai ya sunkuya, da inda aka shanya barkono a gefen kwalta, da yadda sanyin farkon hunturu ya fara shigowa ta ƙasan tamfol lokacin da suka kai Dawanau, inda ya tsaya yana kwatanta farashin buhun masara a can da abin da ɗan kasuwa ya biya shi a gida, ya yi lissafi, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi dogon wa'azi. Masu son koyon siffantawa su nemi wannan babi idan littafin ya fito.

To, sai dai mutum biyu ne suka shiga motar, amma murya ɗaya muke ji. Mun ƙirga: a littafi na farko gaba ɗaya, sau shida matar ta buɗe baki, kuma huɗu daga ciki tambaya take ko a ɗora abinci. Sauran biyun kuwa sun fi ba mu takaici, don an ɗauko su ne kai tsaye daga littattafan soyayya. Mace mai 'ya'ya biyar, da ta shekara ashirin a ɗakin miji, a ce ta dubi mijin a tashar Funtuwa ta kira shi rabin ranta? Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan nan ya san Malam za ta ce, ko maigida, ko ta kira shi da baban wane. Ga shi kuma dangin da ake ziyarta yawanci nata ne. Ita ce ke shiga cikin gidajen, ita ke zama da mata a tsakar gida har dare, shi yana waje a kan benci. Ashe rabin labarin tafiyar yana wurinta, marubuci bai je ya karɓo ba.

Wannan cuta ba ta ƙananan marubuta ce kaɗai ba. A ranar 23 ga Satumba 1960, John Steinbeck na Amurka ya tashi daga gidansa a Sag Harbor cikin a-kori-kurar da aka gina wa ɗaki a baya, wadda ya sa wa suna Rocinante, ya zagaya ƙasarsa kimanin mil 10,000 a lokacin kakarsu. Littafin da ya fito daga tafiyar a 1962, Travels with Charley, ya nuna mana dattijo shi kaɗai da karensa, yana kwana a mota yana hira da talakawa. A shekarar ce kuma aka ba shi kyautar Nobel. Sai a 2010 wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawun tafiyar, ya duba wasiƙu da rubutun farko na littafin, ya gano cewa matar Steinbeck, Elaine, tana tare da shi a fiye da rabin kwanakin, kuma sau da yawa a manyan otal suka kwana. Littafin da aka buga ya ambace ta a Chicago da Texas, amma an share ta daga dogon zangon da suka yi tare a gaɓar yamma, don kada ta ɓata hoton matafiyi ɗan kaɗaici. Bugun 2012 sai da gabatarwarsa ta amsa cewa marubucin ya yi ƙari da ragi. Steinbeck ya fitar da matarsa daga mota, namu ya bar tasa a ciki ya ɗaure mata baki, kuma ba mu ga wanda ya fi wani ba. Wanda ke son ganin akasin haka sai ya tuna da Julio Cortázar da matarsa Carol Dunlop, da suka yi kwana 33 a cikin Volkswagen tsakanin Faris da Marseille a 1982, suka rubuta littafin tare, sunan kowa a bango.

Amma babbar maganar tana daji. Mai karatun da ya ɗauki wannan littafi a Kano bayan shekara talatin zai ɗauka cewa a 2021 mutum na iya tashi daga Kutemeshi da iyalinsa da hantsi, yana sauraren rediyo, ya isa Funtuwa ba tare da gabansa ya faɗi ko sau ɗaya ba. Alhali a watan Fabrairun wannan shekarar ce gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da kashe mutum 14 a Kutemeshi ɗin kanta. Dajin Kamuku, da aka mai da gandun daji na ƙasa a 1999, da maƙwabcinsa Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, sun riga sun zama mafakar 'yan bindiga, manoma da yawa a ƙasar Birnin Gwari sai sun biya kafin su shiga gonakinsu su yi girbi. Duk wannan babu kalma ɗaya a kansa. Marubuci ya kai mu gidan ƙanwar matarsa a Funtuwa, da na yayanta a Zariya, da na goggonta a bayan Kaduna, kowa a ɗakin haya, kowa manomi ba gona, bai taɓa gaya mana abin da ya warwatsa su ba. Jigon littafin ke nan a kwance a gabansa, ya tsallake shi ya tafi kallon barkono.

Ƙarya kuwa, ko ta shiru ce, sai ta bar sawu. A babi na biyu matar ta buga wa mahaifiyarta waya daga Funtuwa zuwa gida a tsakiyar Oktoba, suka gaisa lafiya lau. Ta wane layi? Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an katse layukan waya a yankin Birnin Gwari, an dakatar da kasuwannin mako, an hana hawa babur. Mutanen da suka bar tsohuwa da yara a gida suka yi kwana arba'in ba su da hanyar jin ko suna raye, wannan shi ne labari, shi ne abin da zai hana mai karatu barci, sai aka maye gurbinsa da gaisuwar waya da ba ta yiwu ba.

Mun rubuta masa mun faɗi haka, amsar da ya aiko gajera ce. Ya ce ku a birni kuke sharhi, ni a can nake kwana. Ba mu da bakin musa wannan. Kowa ya san yadda ake tsoron infoma a garuruwan nan, da yadda magana ke riga mai ita isa daji. Gaskiya ne a Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, amma waɗanda aka yi sulhun da su sun san hanyar gidan kowa. Ba ma cikin masu zama a inuwa suna zuga marubuci ya je ya yi jarunta da wuyansa, kuma duk ɗan ƙungiyar da ya yi wa wannan ɗan'uwa kallon matsoraci bai san abin da yake faɗa ba.

Duk da haka ba mu yarda cewa hanya biyu ce kawai ba, ko a faɗi komai ko a shafe komai. Ba mu nemi ya ambaci sunan kowa ba, ko ya nuna inda aka tare wane. Muna neman ya gaya mana ƙarfe nawa suka tashi da dalilin zaɓen wannan lokaci, da abin da ya sa suka jira wasu motoci kafin su shiga hanya, da abin da matar ta yi da ɗan kunnenta kafin su bar gida, da wanda ya fara yin shiru a cikin motar da suka doshi duhuwa. Babu wanda zai biyo mutum gida don ya rubuta cewa ya ji tsoro. In kuwa ko wannan ya yi masa nauyi, to ya cire kalmar nan ta gabatarwa, ya sauya sunayen garuruwa, ya kira aikinsa ƙagaggen labari, sannan ya faɗi gaskiyar ta bakin taurarinsa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya riƙe sunan Kutemeshi da shekarar 2021 da iƙirarin gaskiya, sannan ya miƙa mana hanyar da babu ita.

Labarin tafiya tsohon gida ne a adabinmu, kodayake masu shigarsa sun yi ƙaranci tun da soyayya ta cika kasuwa. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara, maƙwabciyar Birnin Gwari, ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan sun tafi nesa ne su kawo wa na gida labarin abin da ba su gani ba. Ɗan'uwanmu yana da abin da ba su da shi: garin da ya baro ne baƙon wuri ga yawancin masu karatunsa, don ɗan Kano na yau ya fi sanin Makka da Dubai a kan gabashin Birnin Gwari. Ga kuma mace a kujerar gaba, abin da ba kasafai ake samu a labaran tafiyarmu ba.

Saura 'yan ƙananan gyare-gyare. Yana haɗe "ya na" da "yana" yadda ya ga dama, yana kuma barin ƙugiyar ƙ da ɗ a wurare da yawa, har "ƙafa" ta koma "kafa" a wurin da ma'ana ta rikice. Babin Kaduna ya yi tsawo, jerin sunayen unguwanni ne kawai, a rage shi zuwa rabi. Waƙar da ya liƙa a ƙarshe ba ta da kari, a cire ta.

Mun mayar masa da littattafansa uku ta hannun direban da ya kawo su, tare da wani sabo na huɗu da babu rubutu a ciki. Mun roƙe shi ya zauna da maiɗakinsa bayan sallar isha'i, ita ta ba da labarin tafiyar tun daga daren da aka ɗaure tamfol, shi ya riƙe biro kawai. Idan ya aiko da abin da ta faɗa kafin fitowa ta gaba, za mu buga babi ɗaya a wannan fili, ba suna.