A bar wa fiffiken shamuwa dishi-dishinsa

Wata ɗabi'a ta shigo wa samarinmu masu ɗaukar hoto da waya, daga Anka har Gummi da Bukkuyum, kuma ba ta kwanta mini ba. Yaro zai hango balbela ta tashi daga bayan shanu, ko shamuwa tana shawagi a farkon damina, ya danna. Hoto ya fito dishi-dishi. Sai ya zuba shi cikin Remini ko wata manhajar gyara, ta dawo masa da tsuntsu tas, kowane gashi a jere. To, gashin nan ba na tsuntsun ba ne. Manhajar ba ta ga shamuwar ba, abin da ta koya daga wasu hotuna ne ta zana a gurbin abin da ya ɓace.

Dishi-dishin nan da dalilinsa. Kyamara ƙifta ido take yi, haske ya shiga, duk abin da ya motsa kafin ta rufe sai ya ja zare. Mai son tsayar da fiffike cak yana bukatar ƙiftawar wajen 1/2000 na daƙiƙa, ko 1/1000 ga manya masu nauyin tashi irin zalɓe. Amma gajeriyar ƙiftawa haske kaɗan take sha, shi ya sa da asuba ko cikin hazon hunturu waya ke tsawaita ta da kanta, hoto ya lalace. Wayoyi da yawa suna da sashen Pro inda mutum zai zaɓi saurin da hannunsa, ya ɗaga ISO (ƙarfin jin hasken kyamara), ya sa rana a bayansa. Idan balbela ce a rage hasken, don farinta yakan ƙone.

Tun da daɗewa ake wannan fama. A 1882 Bafaranshe Étienne-Jules Marey ya ƙera kyamara mai siffar bindiga, tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa, ya bi tsuntsayen teku da ita. A 1884 Ottomar Anschütz ya ɗauki dangin shamuwarmu suna tashi a Jamus, kuma hotunansa na cikin abin da Otto Lilienthal ya nazarta wajen ƙera fukafukan da ya yi shawagi da su. Da gashin zane aka ba shi, me zai koya?

Ni kam hoton da ya fi taɓa ni ma shi ne wanda aka bar wa motsinsa da gangan. A sauke ƙiftawar zuwa 1/60, a manne gwiwar hannu a jiki, a bi tsuntsun da juyin ƙugu, kada a tsaya ko bayan an danna. Mafi yawa za su ɓaci. Wanda ya dace kuwa, kai da ido sun fito sarai, bakin fukafukai sun narke, ciyayi sun koma layi-layi. Garken kirinjijiya da yamma a dam ɗin Bakolori, in an ɗauke shi haka, har kukansu sai ka ji kamar yana fitowa daga hoton.

Akwai kuma batun amana. Duniya ta san ƙauyen Abare ne ta hotunan gubar dalma na 2010, kuma rashin tsaro ya sa shiga dajinmu da kyamara ya yi wuya ga baƙo. Cibiyar APLORI da ke Jos tana tattara taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma idan aka kai rahoton baƙon tsuntsu, hoto ne shaida. Hoton gaskiya mai dishi-dishi, da rana da sunan wuri, masani zai iya gane jinsin daga siffar fiffike da tsawon ƙafa. Wanda manhaja ta ƙara wa zane a ƙirji ko ta sauya wa baki, zai iya sa a rubuta cewa an ga tsuntsun da bai taɓa sauka a fadamar Abare ba.