Ɗan Aike Da Takardarsa: Nazarin Bayanin Kayan Hasashen Yanayi, Da Misali Daga Ikara, Makarfi Da Kudan

1. Abin da a ke nazari

A 'yan shekarun nan an sami wata irin na'ura mai ƙirƙirarriyar basira wadda ba ta tsaya ga abin da ta haddace kaɗai ba. Idan aka tambaye ta abin da ba ta da shi a ka, kamar a ce ko za a yi ruwa gobe a Makarfi, sai ta ɗauki wani abin aiki da aka tanada mata, shi ya tuntuɓi ma'aikatar hasashen yanayi ta intanet, ya kawo alkaluma, ita kuma ta mai da su magana. Masu sana'ar suna kiranta da kalmar da ta yi daidai da wakili. A wannan takarda za a kira ta ɗan aike, gama aikin da ta ke yi ke nan.

Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin abin aikin. Iyakar abin da a ke ba shi sunan abin ne, da ɗan bayani cikin harshen mutane, galibi Turanci, da jerin guraben da zai cika, kamar sunan wuri. Da wannan kaɗai ya ke yanke shawara ko ya ɗauka ko ya bari, da abin da zai zuba a guraben, da yadda zai fahimci amsa. Ashe bayanin nan rubutu ne, yana da marubuci, da mai karatu, da manufa. Duk abin da ya cika wannan siffa kuwa ya shigo hurumin mai nazarin harshe.

Ma'aunin da za a yi aiki da shi ba sabo ba ne. A 1975 aka buga maƙalar Paul Grice bisa ƙa'idodin zance, inda ya nuna cewa mai sauraro ya kan ɗauka mai magana ya faɗi gwargwadon abin da a ke bukata, bai rage ba. Wannan ya shafi ɗan aike ƙwarai. In bayani bai ambaci iyaka ba, yana iya ɗauka babu iyakar.

2. Wanda aka yi aiken dominsa

Ba a sanin kyan saƙo sai an san wanda ya aika. Ikara da Makarfi da Kudan ƙananan hukumomi ne a arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau. Da damina ana noma masara da dawa da barkono, da rani kuwa tumatir da kayan lambu a fadamu, kuma Makarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Ruwan shekara a wajen Zariya ya kan kai misalin milimita 1,000, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba.

Mutumin Likoro ko Gubuchi ko Paki, idan ya tambayi wayarsa labarin sama, ba don ya san ko zai ɗauki laima ba ne. A watan Mayu abin da ya dame shi ko ya fid da iri ya shuka. In ruwan farko ya ruɗe shi ya shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, tsiron ya ƙone, sai ya sake sayen iri, ya sake biyan 'yan ƙodago. A watan Yuli damuwarsa ko ya zuba taki yau, kada ruwa mai ƙarfi ya wanke shi. Da kaka kuwa mai barkono yana so ya san ko ya shanya. Kowace amsa da kuɗi a bayanta, wani lokaci ma abincin shekara.

3. Bayani na farko

A Yuni 2023 kamfanin OpenAI ya fito da hanyar ba na'urarsa kayan aiki, kuma misalin da ya koyar da shi na yanayi ne. Bayanin jimla ɗaya ce, ma'anarta kuwa a kawo yanayin da a ke ciki a wani wuri. Gurabe biyu ne: na wuri, wanda aka ce a cika shi da gari da jiha, aka ba da misali da San Francisco, da na ma'aunin zafi, Salsiyas ko Faranhait.

Abin yabo a nan gajarta ce da tsabta. Kalmar da ke nufin yanzu tana cikin sunan abin aikin, tana kuma cikin bayaninsa, saboda haka ɗan aike mai lura ya san ba na gobe ba ne. Misalin da aka bayar kuma ya fi doguwar ƙa'ida amfani, gama na'urar nan da kwaikwayo ta ke koyo.

Amma fa a misalin nan aibin ya ke. Gari da jiha tsarin adireshin Amurka ne. Manomi ya kan ambaci ƙauyensa, sunayen ƙauyuka kuwa suna maimaituwa: Doka, da Tudun Wada, da Sabon Gari suna da yawa a ƙasar Hausa. Ko sunan Kudan kansa yana nufin garin, yana kuma nufin ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke Hunkuyi. Bayanin bai ce kome ba game da abin da za a yi in suna ya dace da wurare biyu, ko in ba a same shi ba sam. Sa'an nan ma'aunin zafi kaɗai aka ba gurbi, ba a ambaci ruwa ba, alhali shi ne abin tambayar.

4. Bayani na biyu

A Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta haɗa na'urori da kayan aiki, mai suna Model Context Protocol. Darasinta na farawa shi ma na yanayi ne, da kayan aiki biyu, dukansu suna ɗebo labari daga ma'aikatar yanayi ta gwamnatin Amurka. Ɗaya na gargaɗi ne, ɗaya na hasashe.

Bayanin na gargaɗi ya cika sharaɗi: ya faɗa a fili cewa na jihohin Amurka ne, ya ce a rubuta jihar da haruffa biyu, ya ba da misali. Ɗan aike da aka tambaya labarin Ikara zai karanta ya wuce. Na hasashe kuwa, a nau'in da aka rubuta da harshen Python, cewa kawai ya yi yana kawo hasashen wuri, a ba shi lambobin wurin na taswira. Wannan ya warware matsalar sunaye masu maimaituwa, kuma ci gaba ne bisa bayani na farko. Sai dai ya yi shiru a kan abu biyu. Bai faɗi cewa Amurka kaɗai ya sani ba, ko da ya ke an gaya wa ɗan Adam mai karanta darasin haka a wani wuri. Bai kuma faɗi nisan hasashen ba, alhali zango biyar kaɗai ya ke kawowa, na yini da na dare, watau wajen kwana biyu da rabi. Labarin da ya fi muhimmanci an ba wanda ba shi zai je aiken ba.

Adalci ne a ce waɗannan misalan koyarwa ne, ba a rubuta su domin Kudan ba. Amma abin da aka koya da shi, shi a ke kwaikwaya. Wanda ya tashi gina irin wannan abu domin manoman Zazzau zai musanya ma'aikatar Amurka da wata mai rufe duniya, ya bar bayanin yadda ya same shi. A nan haɗarin ya fi girma, gama yanzu amsa za ta zo, da alkalumanta cif, ba abin da zai nuna ba ta dace da tambayar ba.

5. Abin da Hausa ta rarrabe

Ɗan aike yana tsaye ne tsakanin harshe biyu, Hausar mai tambaya da Turancin bayani. Akwai wuraren da ba su haɗu ba.

Na ɗaya, kalmar yanayi. Da ita a ke fassara halin sama na yini ɗaya, da ita kuma a ke fassara halin shekara da na shekaru. Wanda ya ce yaya yanayin bana, ba abin da hasashen mako zai gaya masa.

Na biyu, Bahaushe ya raba saukar ruwa da zaman damina. Ruwa ya kan sauka a bazara a yi murna, amma ba a cewa damina ta zauna sai ya ɗore. Tsakaninsu akwai binne, watau shukar da a ke yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Haka kuma yayyafi dabam, ruwan shuka dabam, marka dabam. Abin aiki da ya ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100 bai faɗi wanne daga cikinsu ba, sai in an haɗa da yawansa a milimita.

Na uku, lokaci. Hausa tana da gobe, da jibi, da gata, da citta, kowanne da ranarsa. Abin lura kuma, daren Jumma'a a bakin mutane da yawa shi ne daren da ke biye da yinin Alhamis, gama a lissafin Musulunci dare ke gaba da yini. Alkaluman manyan ma'aikatu kuma sau da yawa da agogon Girinwic su ke zuwa, wanda Nijeriya ta riga shi da awa ɗaya. Tun da hadarin wannan yanki ya kan taso da yamma ko da dare, kuskuren dare ɗaya kuskuren ruwa ɗaya ne.

Na huɗu, akwai manoman da ke bin lissafin taurari 28, bakwai ga kowane fasali, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14. Mai cewa Zira'a ta kama, ko ana cikin Nasara, ya faɗi lokaci sarai, amma abin aiki bai san shi ba sai an mai da shi kwanan wata.

6. Iyakar hasashen kansa

Masana noma sun daɗe da sa wa zaman damina ma'auni. A 1988 M. V. K. Sivakumar, na cibiyar ICRISAT ta Nijar, ya ba da wanda ya shahara: ranar da, bayan 1 ga Mayu, aka tara ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma a kwana 30 masu biyowa ba a yi fari da ya wuce kwana 7 ba. Mai karatu ya lura da kwana talatin ɗin nan. Hasashen yau da kullum na manyan ma'aikatun Turai da Amurka iyakarsa kwana 15 ko 16. Saboda haka babu abin aiki irin wannan da zai iya tabbatar da zaman damina, kome kyansa.

Ko cikin kwanakin ma akwai rauni. A 2018 Peter Vogel da abokansa na Karlsruhe, a Jamus, sun buga bincike da ya nuna cewa ɗanyen hasashen ruwa na manyan ma'aikatun duniya, a arewacin yankin zafi na Afirka, bai fi lissafin abin da aka saba gani a shekarun baya ba. Dalili kuwa ruwan yankin na hadari ne, ya kan jiƙa Tashar Yari ya bar ƙauyen da ke kusa.

Tambayar shekara tana da gidanta dabam. Hukumar NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fid da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun farawa da ɗaukewa, da tsawon damina, da yawan ruwa, da lokutan fari, har ana fassara shi da Hausa. Ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da malaman gona. Bayani mai kyau ya kamata ya nuna wa ɗan aike wannan hanya.

7. Yadda bayanin ya kamata ya kasance

Ga samfuri, a Hausa, domin a ga ba tsawo a ke nema ba:

Wannan yana kawo hasashen ruwa da zafi na kwana bakwai masu zuwa a wuri ɗaya. Ruwa da milimita, zafi da Salsiyas, lokaci da agogon Nijeriya. A ba shi sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, misali Gimi, Makarfi. In suna ya dace da wurare biyu, a tambayi mai aike, kada a zaɓa masa. Alkaluman na faɗin yanki ne, ba na gona ɗaya ba, kuma hasashen ruwa a nan yana da rauni, a gaya masa haka. Kada a yi amfani da shi wajen cewa damina ta zauna, ko a shuka. Wannan a mai da shi ga hasashen shekara na NiMet da malamin gona.

Rabin samfurin hani ne da iyaka, kuma da gangan aka yi haka. Hukuncin wannan nazari shi ne, bayanai biyun da aka duba sun iya faɗin abin da kayansu ke yi, sun gaza wajen faɗin abin da ba su yi, in ban da na gargaɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ɗan aike ba zai ƙi tashi ba sai an rubuta masa inda zai tsaya.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai darasin insha'i a nan. A ba ɗalibi wani abu, ko ma'aunin ruwan sama na makaranta ne, ya bayyana shi cikin jimla shida ga wanda bai taɓa ganinsa ba kuma ba shi da damar tambaya. Sa'an nan a ba abokinsa bayanin tare da tambayoyi goma irin na manoma, ya ware waɗanda abin zai amsa da waɗanda ba zai amsa ba. Duk inda ya ware ba daidai ba, laifin na marubucin ne, a mai da masa ya gyara. Da wannan gwaji ɗin za a iya auna bayanin da aka rubuta wa na'ura, kuma waɗanda suka san bambancin ruwan bazara da zaman damina su suka fi cancanta su tsara tambayoyin.