Masu Ɗora Manhaja a Sikeli

Mai sayen citta a kasuwar Kachia ba ya karɓar buhu don kawai an rantse masa ya cika, sai ya ɗora a sikeli. Manhaja kuwa mukan karɓe ta ido rufe. Ko a Kafanchan, inda gidauniyar Fantsuam ta Bayan Loco ta daɗe tana koyar da kwamfuta, har ta kafa ZittNet don kai intanet karkara, manhaja takan zo ne hannu da hannu a filashi, ba mai tambayar wanda ya taɓa ta a hanya.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai rubuta manhaja yana rubuta umarni ne da mutum zai iya karantawa, sannan na'ura ta harhaɗa shi ya zama ƙunshin da ake sakawa a kwamfuta. A buɗaɗɗiyar manhaja kowa na iya duba rubutun, amma ƙunshin fa? A 2020 aka gano cewa ɓarayi sun shiga ɗakin harhaɗawar kamfanin SolarWinds na Amurka, suka cusa guba a nan, ba a rubutun ba.

Tun 2013 wasu masu aikin sa kai na buɗaɗɗiyar manhajar Debian suka ɗauri aniyar toshe wannan ƙofa: duk wanda ya harhaɗa rubutu ɗaya, a ko'ina yake, ƙunshinsa ya fito daidai da na kowa, ba bambancin ko ɗigo. Faɗa da sauƙi. Na'ura takan liƙa sa'ar da aka yi aikin, da sunan mai kwamfutar, ta jera fayiloli yadda ta ga dama. Don haka sukan harhaɗa sau biyu, da gangan su canja agogo, harshe da sunan mai aiki, su ga abin da zai motsa. In an sami saɓani, sai su kira diffoscope, manhajar da ke kwance ƙunshi cikin ƙunshi kamar mai ɓare albasa, har ta nuna layin da ya bambanta. Maganin agogo ya fi burge ni: a 2015 suka tsara SOURCE_DATE_EPOCH, wato a daina duba agogon bango, a ɗauki ranar gyaran ƙarshe da aka rubuta.

Kowane aibi da aka gano ana ba shi lamba a rajistar Debian, wadda har yau da imel take aiki, ta kuma haura rahoto miliyan ɗaya a 2021. Wani ya kai ƙara, wani a wata nahiya ya aiko da gyara, mai kula da ƙunshin ya rubuta lambar a takardar canje-canje, rahoton ya rufe kansa. Akasari ba su taɓa haɗuwa ba. Yanzu sama da kashi 90 cikin 100 na ƙunsoshin Debian suna cin wannan jarrabawa, ragowar kuma ana bin su ɗaya bayan ɗaya.