Mai Kokawa Ne Ke Zaɓen Inda Za A Yi Faɗan

A watan Agustan 2025, a birnin Chicago na Amurka, Khamzat Chimaev ya ƙwace kambun matsakaita nauyi na UFC daga hannun Dricus du Plessis ɗan Afirka ta Kudu. Turmi biyar aka yi, minti 25 ke nan, kuma fiye da minti 21 daga ciki Chimaev ya danne abokin karawarsa ya hana shi sakat. Alkalai uku duk 50 da 44 suka rubuta. Kafin gari ya waye ƙorafi ya cika gari: wai wannan kwanciya ce aka yi, wai 'yan kokawa na kashe wa wasan MMA armashi, gara a sake doka a riƙa tayar da su.

Ni ban ga abin raini a wannan nasara ba. Du Plessis zakara ne mai ƙarfin tsiya, wanda bai taɓa shan kaye a UFC ba kafin wannan dare, aka hana shi tsayuwa da ƙafafunsa. Da naushi ɗaya aka sumar da shi, ana iya cewa sa'a ce. Amma a danne ƙato irin wannan turmi biyar a jere, babu sa'a a ciki.

Dalilin da ya sa kokawa ta ƙi tsufa a wannan wasa bai da wuyar fahimta. Mai naushi da shuri yana buƙatar tsayuwa da 'yar tazara kafin ya yi aikinsa, shi kuwa ɗan kokawa da ya rufe tazarar ya kama ƙugu ko cinya, ya raba shi da makamansa duka. In ya ga dama a tsaya, a tsaya. In ya ga dama a sauka ƙasa, a sauka. Kuma tsoron kaye kaɗai yana yin rabin aikin. Mutumin da ke jiran a sunkuyo masa ƙafa dole ya sauke hannuwansa, ya rage shuri, ya daina sakin jiki. A karawar Khabib Nurmagomedov da Conor McGregor a Oktoban 2018, McGregor ne kowa ya sani da hannu, amma a turmi na biyu Khabib ne ya kai masa naushin dama da ya tangaɗar da shi, don hankalin McGregor na kan ƙafafunsa. A turmi na huɗu aka murɗe masa wuya ya miƙa wuya. Ga kuma gajiya: wanda ke ƙasa yana ɗauke da nauyin mutum yana fafutukar tashi, in ya tashi ma hannuwan sun yi sanyi, naushin ya zama na wasa.

Masu cewa zamanin kokawa ya wuce suna da hujja, ba zan ƙi ba. Sun ce a 1993, da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a Denver, jahilcin abokan karawarsa ya ci. Ba su san shaƙa ba, ba su san murɗe gaɓa ba. Yau kowa ya koya. Suna kuma nuna Alex Pereira da Israel Adesanya, waɗanda da naushi da shuri suka hau gadon sarauta, da Ilia Topuria da ya sumar da Volkanovski da Holloway da Oliveira ɗaya bayan ɗaya.

To amma shi Topuria ai da kokawa da jiu-jitsu ya fara tun yana yaro, shi ya sa yake takawa gaba gaɗi ba ya fargabar a kama shi. Adesanya kuwa, haifaffen Legas, kayensa na farko a wannan wasa a hannun Jan Błachowicz ya sha a 2021, inda aka kai shi ƙasa a turamen ƙarshe aka zauna masa. A 2024 a Perth, Du Plessis ɗin nan ya hau bayansa ya maƙure shi. Abin da ya faru a ganina shi ne kokawa ta tashi daga sirrin wasu tsiraru ta zama kuɗin shiga. Wanda bai biya ba, ba zai ma kai inda za a ga naushinsa ba.

Babu wanda rayuwarsa ta nuna haka kamar Francis Ngannou, ɗan garin Batié a ƙasar Kamaru, wanda ya taso yana haƙar yashi. Ya shigo UFC da hannun da kowa ke gudu. A Janairun 2018 ya haɗu da Stipe Miocic a Boston, ya yi ta kai duka a turmin farko kamar zai rushe gini, Miocic ya kauce, ya riƙa kayar da shi yana danne shi har ƙarshen turmi na biyar. Ngannou ko numfashi da ƙyar yake yi. Bayan shekara uku suka sake haɗuwa, wannan karon Kamaru Usman na cikin masu ba Ngannou shawara a kusurwarsa, Usman ɗin da ya zama zakaran kokawa na jami'o'in Amurka a rukuni na biyu a 2010. Miocic ya sunkuyo kamar yadda ya saba, Ngannou ya jefa ƙafafunsa baya, ya sakar masa nauyi, ya zagaya bayansa yana duka. A nan faɗan ya ƙare a zuciyar Miocic. Sumar da aka yi masa a turmi na biyu cikawa ce kawai. Sai Janairun 2022, Ngannou ya shiga keji yana riƙe da kambu, da gwiwa mai rauni, ya tarar da Ciryl Gane na Faransa, wanda ya fi shi sauri da iya taku. Gane ya ci turmi biyu na farko. A na uku Ngannou ya cafe ƙafar da aka kawo masa shuri da ita, ya ɗaga Gane ya maka da ƙasa, daga nan ya yi ta kayar da shi har ya tsira da kambunsa. Mutumin da aka ce ba shi da komai sai hannu, kokawa ce ta cece shi ranar da hannun bai samu wurin sauka ba. Shi kuwa Gane bai ɗauki darasi da wuri ba, don a Maris na 2023 Jon Jones ya shaƙe shi cikin kusan minti biyu.

Akwai danniyar da ba ta da daɗin kallo, wannan gaskiya ne. Wani zai kayar da mutum ya rungume shi yana kallon agogo, ba duka ba neman shaƙa. Dokar da ake bi yanzu ta riga ta ce illar da aka yi wa abokin karawa ake fara dubawa kafin a dubi wanda ya fi daɗewa a sama, kuma alkalin cikin keji na da ikon tayar da su in ya ga an daina aiki. A yi amfani da wannan, ya isa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tayar da mutum don 'yan kallo sun yi ihu, a ba shi kyauta abin da ya kasa samu da ƙarfinsa. Kuma kada a ɗauka ɗan kokawa ba ya cikin haɗari: Usman na gaba a maki a 2022, saura kusan minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya kai masa shuri a ka ya kwantar da shi.

Mu da muka tashi da dambe, idonmu ya saba da jiran kisa, shi ya sa da yawa cikinmu ke gundura in aka sauka ƙasa. Amma muna da kokawa ma, kuma a Nijar tun 1975 ake gasar Takobi, gari yakan tsaya cik saboda ita. Senegal ta riga ta gwada: Oumar Kane, wanda ake kira Reug Reug, daga fagen kokawarsu ya fito, ya je Bangkok a Nuwamban 2024 ya karɓe kambun masu nauyi na kamfanin ONE daga Anatoly Malykhin. Ɗan kokawarmu yana da ƙugu, yana da riƙo, ya san yadda ake karanta nauyin mutum. Abin da zai koya daga farko shi ne na bayan kaye, domin a fagenmu da an kai mutum ƙasa an gama, makaɗa su ɗauka, a keji kuwa sai ya san yadda zai hana na ƙasa tashi da yadda zai kare wuyansa.