4.3 Tsokaci Kan Hanyar Hadda Wajen Koyar da Ƙirga a Azuzuwan Farko na Firamare

4.3.1 Gabatarwa

A sashen da ya gabata an kawo jerin hanyoyin da ake bi wajen koyar da lissafi ga ƙananan yara. A wannan sashe kuwa za a yi tsokaci ne kan wadda ta fi yaɗuwa a makarantun firamare na ƙasar Hausa, wato hanyar hadda. Abin da ake nufi da hadda a nan shi ne malami ya rubuta 1 zuwa 100 a allo, ya riƙa nunawa da sanda yana faɗa yara na amsawa, har su kai ga rerawa ba tare da sun dubi allo ba. Za a auna wannan hanya da abubuwa biyu da masana suka ɗauka a matsayin tubalan lissafi, wato sanin adadi da kuma sanin matsayin lamba.

4.3.2 Amfanin Hanyar

Ba za a ce hanyar hadda ba ta da amfani ba. Da farko dai, sunayen lambobi daga ɗaya zuwa goma ba su da wata ƙa'ida da yaro zai bi ya gano su da kansa, dole sai an faɗa masa ya riƙe. Na biyu, yaron Bahaushe ya saba da hadda tun daga makarantar allo da waƙoƙin dandali, saboda haka ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Na uku, ita ce mafi sauƙi ga malamin da ke fama da aji mai cunkoso, ga kuma ƙarancin kayan aiki.

4.3.3 Hadda da Sanin Adadi

Raunin hanyar yana fitowa ne idan aka tambayi yaro ma'anar abin da ya rera. Gelman da Gallistel (1978) sun kawo ƙa'idoji biyar da ƙirga ta ginu a kansu. Daga cikinsu akwai cewa kowane abu suna ɗaya tak yake ɗauka, sunayen kuma suna zuwa ne a jere ba sa sauyawa, sannan sunan da aka faɗa a ƙarshe shi ne adadin tarin gaba ɗaya. Idan aka lura, hadda ta biya buƙatar jerin sunaye ne kurum. Shi ya sa akan sami yaron da zai rera har ɗari, amma idan aka zube masa ƙwallon dabino bakwai, sai bakinsa ya riga yatsansa, ya ce tara ne.

Haka nan Piaget (1941) ya nuna cewa idan aka jera abubuwa sahu biyu masu adadi ɗaya, sannan aka baza sahu guda, ƙaramin yaro yakan ce wanda aka baza ya fi yawa. Ko da yake masana na baya, irin su McGarrigle da Donaldson (1974), sun nuna cewa yadda aka tsara gwajin yana tasiri a kan amsar yaro, duk da haka darasin bai canza ba: iya faɗar suna daban, sanin adadi daban.

4.3.4 Hadda da Matsayin Lamba

A nan ne hanyar ta fi yin asara, domin ta yi watsi da taimakon da harshen Hausa da kansa ya tanada. Daga 11 zuwa 19 Hausa tana fara ambaton goma sannan ɗaiɗai, alal misali goma sha huɗu, daidai da yadda ake rubuta 14. A Turanci kuwa sunan wannan lamba da huɗu yake farawa, abin da kan sa yaro ya rubuta 41. Binciken Miura da abokan aikinta (1988) ya nuna cewa yaran Sin da Japan da Koriya, waɗanda harsunansu ke bayyana goma a fili cikin sunan lamba, sun fi yaran Amurka karkata ga nuna lamba ta hanyar gomomi da ɗaiɗai. Ke nan a wannan mataki yaron Bahaushe yana da jari a bakinsa.

Sai dai daga 20 abin yakan sauya. Ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in duk aro ne daga Larabci, kuma babu abin da zai nuna wa yaro cewa akwai uku a cikin talatin. Tsohuwar ƙirgar Hausa kuwa cewa take yi gomiya biyu, gomiya uku. Da malami zai ɗaure tsinkaye goma-goma ya ce wa yara ƙulli uku gomiya uku ne, ita ce kuma ake kira talatin, da an gina musu gada tsakanin suna da rubutu. Rashin wannan gada ke sa yaro ya ji ashirin da biyar ya rubuta 205, ko ya ji ɗari da biyar ya rubuta 1005. Yaron bai yi wauta ba, abin da ya ji ne ya rubuta, domin ba a nuna masa aikin sifili a matsayin mai tsare gurbi ba. Bugu da ƙari, faɗar da ake yi ashirin ɗaya babu a madadin 19 darasin ɗebewa ne cikakke, amma hadda ba ta tsayawa a kansa.

Wannan ya yi daidai da ra'ayin Bruner (1966) cewa yaro yakan fara da taɓa abu, sannan hotonsa, sannan alamarsa. Hadda kuwa daga alama take farawa, a nan kuma take tsayawa, alhali ga kara da duwatsun carafke da murafen kwalba a ko'ina, ga kuma yaran da ke ba da canji daidai a wurin talla.

4.3.5 Batun Harshen Koyarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke tsarin da komawa ga Turanci. Ko ma wane harshe aka rubuta a takarda, yaron da ya taso da Hausa da ita yake ƙirga a gida da kasuwa. Idan aka haɗa hadda da baƙon harshe, to an ɗora masa kaya biyu ke nan: suna bai sani ba, ma'ana ba a nuna masa ba.

4.3.6 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hadda ta dace da koyar da sunayen lambobi, amma ba ta isa ta koyar da adadi ko matsayin lamba ba. Yaron da ya wuce aji uku bai gane cewa 2 ɗin da ke cikin 25 gomiya biyu ce ba, zai riƙa ajiyewa da aro a tarawa da ɗebewa ba tare da ya san dalili ba, daga nan kuma yakan yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kan lissafi. A sashe na gaba za a duba hanyar amfani da kayan taɓawa da irin tanadin da take buƙata.